Wa ya kwaɓa kankaren ganuwar Hitila?

Da hantsi muka isa Longues-sur-Mer, ni da kawuna wanda ya daɗe yana aiki a Faransa. Ƙauye ne a gaɓar Normandi, a kan wani tudu mai kallon teku, kuma ba don motocin 'yan yawon buɗe ido ba da sai ka rantse babu komai a wurin sai gona da iska. A tsakiyar gonar ne ɗakuna huɗu na kankare da Jamusawa suka gina a Yaƙin Duniya na Biyu suke jere, kowanne ya wangale baki wajen ruwa kamar kada ya fito shan hantsi. Ɗaya ya tarwatse, amma sauran ukun har yau da igwa a girke a ciki, ta yi tsatsa, tana nan dai da dogon hancinta. Yara na hawa suna sauka, iyaye na ɗaukar hoto, wani saurayi ya zura hannu a bakin igwar yana dariya.

Mai yi mana jagora ya san aikinsa, ba zan ci amanarsa ba. Ya zayyano mana komai kamar mai karanta hadda: faɗin bakin igwar milimita 150, nauyin harsashi kilo 45, tana jefa shi kusan kilomita 20, kaurin bango mita 2. Ya nuna mana wani ɗakin can gaba a bakin gaɓa, kamar tafiyar mita 300, inda masu hange suke zama da na'urar auna nisa, su hango jirgin ruwa, su buga wa masu harbi waya su gaya musu inda za su saita. Ya ce ruwan bama-baman da aka yi wa wurin kafin ranar 6 ga Yuni 1944, ranar da dakarun ƙawance, wato Birtaniya da Amurka da abokansu, suka sauka a Normandi, ya tsinke wayar, sai igwogin suka zama kamar makaho da bindiga. Sun yi musayar wuta da jiragen yaƙin Birtaniya da na Faransa a ranar, washegari sojojin da ke wurin suka miƙa wuya ga Turawan Ingila.

Ni kuwa hankalina yana kan bango. Mahaifina magini ne, na tashi ina ganin yadda ake kafa katako a zuba kankare, don haka da na shafa jikin ginin sai na ji sawun katakon a tafin hannuna, layi bisa layi, har da inda kwaɓin ya ɗan tsiyaye ta tsakanin alluna biyu ya daskare. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin gini ranar zubi ya san abin da bango mai kaurin mita 2 yake nufi. Ba a tsayawa in an fara, don kada zubin ya rabu. Ana yi dare da rana, a ɗauko tsakuwa, a ɗauko yashi, a lanƙwasa rodi, siminti yana cin fatar hannu. Sai na ɗaga hannu na tambayi jagoran su waye suka yi wannan aikin. Ya ce ƙungiyar Todt ce, ya duba agogo, ya ce mu ƙarasa ɗaki na gaba. Kawu ya taɓa ni ya ce, “Kai dai ɗan nan ba ka rabo da tone-tone. Mutane sun zo ganin igwa, kai kana tambayar lebura.” Na ce, “Kawu, ai igwar ba ita ta gina wa kanta ɗaki ba.”

Tun daga ranar nake juya maganar. Ana ta muhawara a ƙasashen Turai kan abin da za a yi da dubban irin waɗannan gine-gine da yaƙi ya bari a bakin teku: a rushe, a bar su su ruɓe, ko a killace su a matsayin kayan tarihi. Ni ina cikin masu cewa a adana. Amma adanawar da nake gani a mafi yawan wurare ta igwa ce da injiniyan da ya zana ta, kuma ina ganin wannan rabin gaskiya ne, irin rabin da ya fi ƙarya illa, domin mai ziyara yana fita ne yana jinjina wa ƙwarewar Jamusawa, bai ji ko sunan mutum ɗaya da ya mutu da shebur a hannu ba.

Ga yadda abin ya samo asali. A watan Maris 1942, da Hitila ya ga yaƙin Rasha ya ƙi ƙarewa kuma Amurka ta shigo, sai ya ba da umarni mai lamba 40 cewa a katange gaɓar yammacin Turai tun daga arewacin Norwe har iyakar Faransa da Sifaniya. Suka sa mata suna Bangon Atilantika, amma ni ganuwa nake ce mata, don aikinta ke nan. Ba bango ɗaya ba ne miƙaƙƙe kamar badalar Kano. Dubban ɗakunan kankare ne a warwatse, na igwa, na harsasai, na kwanan soja, na hange, da nakiyoyi da waya mai ƙaya a tsakani. An tsara gina 15,000. Ƙungiyar da aka ɗora wa aikin sunanta daga injiniya Fritz Todt, wanda ya mutu a haɗarin jirgin sama a Fabrairu 1942, Albert Speer ya gaje shi. A ƙarshen 1943 aka turo Rommel, wani babban janar na Jamus, ya duba, ya tarar da hoton da ake nuna wa duniya ya fi abin da ke ƙasa, ya shiga ƙara nakiyoyi da turaku a bakin ruwa. Duk da haka, ranar da dakarun ƙawance suka sauka a Normandi, ganuwar da aka yi shekara biyu ana ginawa ba ta kai faɗuwar rana ba aka keta ta.

Masu aikin kuwa kala-kala ne. Da farko akwai waɗanda suka zo da ƙafarsu saboda albashin ya fi na gari, kuma kamfanonin gini na Faransa da Holan da Danmak da dama sun karɓi kwangila sun ci riba, maganar da ba a cika son tayar da ita ba bayan yaƙi. Daga baya aka koma tilas. A Fabrairu 1943 gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa mai bin Jamus, ta kafa dokar aikin dole a kan samarin Faransa. Aka kwaso fursunonin yaƙi na Tarayyar Sobiyet, da yara matasa daga ƙauyukan Yukren da Polan, da 'yan jamhuriyar Sifaniya da suka gudo wa mulkin Janar Franco suka faɗa hannun wanda ya fi shi, da Yahudawa, da 'yan Aljeriya da Maroko da aka tsinta a biranen Faransa. An jera su hawa-hawa bisa ga launin fata da asali, na ƙasa su ne masu cin duka da miyar ruwa. A Norwe, inda har yau ake nuna wa baƙi wata ƙatuwar igwa mai bakin milimita 406 a Trondenes kusa da Harstad, fursunonin Sobiyet sama da 13,000 ne suka mutu a lokacin mamayar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: ginin yana ɗauke da sunan Todt, masu ɗaukar kaya ba su da ko allo.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Alderney. Ɗan ƙaramin tsibiri ne na masarautar Ingila kusa da gaɓar Faransa, tsawonsa bai wuce kilomita 5 ba, mutum zai iya zagaye shi da ƙafa tsakanin azahar da magariba. A Yuni 1940 aka kwashe kusan duk mazaunansa zuwa Birtaniya, Jamusawa suka shigo suka tarar da gidaje ba kowa, wato babu idon da zai ga abin da za su yi. Suka kafa sansanoni huɗu na 'yan ƙwadago, suka raɗa musu sunayen tsibiran ƙasarsu: Borkum, Helgoland, Norderney da Sylt. Daga Maris 1943 Sylt ya koma hannun dakarun SS, rundunar jam'iyyar Nazi mai kula da sansanonin gwale-gwale, ya zama reshen sansanin gwale-gwale na Neuengamme da ke kusa da Hambug. Shekara da shekaru adadin mamatan da hukuma ta riƙe shi ne 389. Sai a Mayu 2024 wani kwamitin masana da Eric Pickles ya kafa a madadin gwamnatin Birtaniya ya fito da sakamako cewa mutum tsakanin 7,608 da 7,812 aka kai tsibirin, kuma tsakanin 641 da 1,027 suka mutu. Kwamitin ya kuma nuna cewa Birtaniya ba ta gurfanar da masu laifin ba. Ta miƙa takardun binciken ga Tarayyar Sobiyet a 1945, can kuma maganar ta bi ruwa.

To, me ya rage a ƙasa? Ɗakunan kankaren suna nan daram, ko'ina ka waiga, domin an gina su ne don su jure bam. Sansanonin kuwa na katako ne, sun tafi. A Sylt sai ginshiƙan ƙofa da ɗan allo a jiki, cikin ciyawa kusa da filin jirgin sama. Filin Norderney yau wurin kafa tanti ne na masu hutun bazara. Gawarwakin leburorin da aka binne a wani fili na tsibirin mai suna Longis Common an tone su a 1961 aka kai wata maƙabartar sojan Jamus a Faransa, wato an haɗa wanda aka kashe da rundunar da ta kashe shi a gida ɗaya. Abin takaicin ma, dakarun ƙawance ba su taɓa kai farmakin ƙwato Alderney da sauran tsibiran masarautar Ingila da ke kusa da shi ba. Sun wuce su ne kawai, suka bar sojojin Jamus a ciki da yunwa har aka gama yaƙi a Mayu 1945. Mutane sun mutu suna gina katangar da ba wanda ya zo ya ƙwanƙwasa.

Wannan shi ne babban dalilina na cewa kada a rushe. Idan katako ya ruɓe, aka kwashe ƙasusuwa, waɗanda suka gani da ido suka ƙare, kankaren ne kaɗai shaidar da ta rage wadda mai musu ba zai iya murza ido ya ce ba a yi ba. Takarda ana iya ƙone ta, kuma Jamusawa sun ƙone da yawa. Bango mai kaurin mita biyu kuwa yana tilasta wa mai hankali ya yi lissafi: buhu nawa, kwana nawa, mutum nawa, da wane abinci a ciki.

Ban raina hujjar masu son a rushe ba. Bayan yaƙi, mutanen da aka kora daga gidajensu ba su ga wani kayan tarihi a jikin waɗannan abubuwa ba. A birnin Heg na Holan an tashi mutum sama da 100,000, aka rushe unguwanni don a haƙa ramin tare tankoki. Wanda ya dawo ya tarar da kango a inda ya bar ɗakin uwarsa, ka ce masa ya adana ginin wanda ya yi masa haka, ai ka nemi faɗa. Shi ya sa da yawa aka fasa su da nakiya, wasu aka tura musu yashi aka rufe. Akwai kuma tsoron kada wuraren su zama majalisar masu sha'awar aƙidar Nazi, kuma tsoron yana da tushe. Na ga yadda idon wasu maza yake ƙyalli in suna shafa igwa, irin ƙyallin da ba na jimami ba. Sai dai rushewa ba ta maganin wannan. Mai son Hitila ba ya buƙatar gini kafin ya so shi. Abin da yake buƙata shi ne wurin da aka share, aka goge, aka sa gumakan soja da kaki mai tsabta suna shan shayi, ba a ce uffan kan wanda aka daka da gindin bindiga a ƙofar ba. Irin wannan gidan tarihi ya fi kango haɗari.

Sai batun mai da su wurin amfani. A nan ra'ayina yana da sassauci fiye da yadda wasu abokaina suke so. Sansanin jiragen ƙarƙashin ruwa na Saint-Nazaire a Faransa tsawonsa mita 300 ne, rufinsa ya kai kaurin mita 8, yana zaune a tsakiyar gari kamar dutsen Dala. Kuɗin rushe shi ya fi ƙarfin gari, don haka suka huda shi, suka yi zaurukan kiɗa da nune-nune a ciki, ana hawa rufin ana kallon tasha. Na birnin Bodo, shi ma a Faransa, an mai da shi wurin haska zane-zane a jikin bango da ruwa tun 2020. A Blavand ta Danmak an buɗe gidan tarihi na Tirpitz a 2017 a gefen wani ɗakin igwa da ba a ma gama gina shi ba yaƙi ya ƙare, kuma a bakin ruwan garin wani mai sassaƙa ya liƙa wa wasu ɗakunan kai da wutsiya na ƙarfe ya mai da su alfadarai. Wannan ya ba ni dariya, kuma ina ganin daidai ne. Abin da aka gina don a tsorata mutane, jikokinsu su hau gadon bayansa suna cin alawa. A tsibirin Jazi, maƙwabcin Alderney, hukumar kayan tarihi tana ba da hayar wata hasumiyar hange ta Jamusawa a Corbière ga masu hutu, su kwana a ciki. Ni dai ba zan iya barci a wurin ba, amma ba zan ce haramun ne ba, muddin akwai allo a bakin ƙofa da yake faɗin su waye suka gina da yadda aka yi da su. Inda na ja layi shi ne inda aka tsare mutane da inda aka binne su. Ba a kafa tantin hutu a kan sansanin bayi, kamar yadda ba a shimfiɗa tabarmar biki a maƙabarta.

Kuma ba duka za a iya ceta ba, wannan ma a faɗa. Teku ba ta san kayan tarihi ba. A gaɓar kudu maso yammacin Faransa, wajen Capbreton da Cap Ferret, ɗakunan da aka gina a kan tudun yashi yanzu suna kwance a karkace cikin ruwa, wasu sun nutse gaba ɗaya sai masu ninƙaya ke ganinsu. A Danmak an fasa wasu saboda rodin da ya fito yana yanka masu wanka. Waɗannan a auna su, a ɗauki hotonsu, a rubuta, a bar wa ruwa. Kuɗin gyara kaɗan ne, kuma wanda ya ce zai riƙe komai zai wayi gari bai riƙe ko ɗaya ba.

Amma a dubi inda kuɗin yake zuwa. A Pointe du Hoc, 'yar tafiya kaɗan daga Longues, a ranar 6 ga Yuni 1944 sojojin Amurka 225 ƙarƙashin James Rudder suka hau gaɓar dutse mai tsayin mita 30 da igiya da tsani ana yi musu ruwan wuta. Da suka kai sama suka tarar an kwashe igwogin, sai can cikin gona suka gano su suka lalata. Bayan kwana biyu, kusan 90 ne kawai ke iya riƙe bindiga. Jarumta ce, babu ja. Tun 1979 wata hukumar Amurka ce ke kula da wurin, kuma da ruwa ya fara cin gindin dutsen, an kashe miliyoyin dala a 2010 don kada ɗakin hangen ya rufta. Ban ce kada a kashe ba. Abin da na lura da shi shi ne wurin da yake da gwamnati mai ƙarfi a bayansa da labari mai daɗin ji shi ke samun siminti sabo, wurin da mamatansa ba su da mai magana kuma ciyawa ke samu. Yaron da aka kamo daga ƙauyen Yukren yana ɗan shekara goma sha shida ba shi da jakada.

A nan ne maganar ta zo kusa da gida. Kowa ya san Normandi, amma kaɗan ne suka san cewa gaɓar kudancin Faransa ma an yi mata irin wannan ganuwa, kuma a ranar 15 ga Agusta 1944 da aka sauka a Provence, babban kaso na rundunar Faransa ƙarƙashin Janar de Lattre 'yan Afirka ne. Waɗanda ake kira sojojin Senegal ba 'yan Senegal kaɗai ba ne. Daga duk ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka aka ɗebo su, har da Nijar. Su ne suka shiga cikin masu ƙwato birnin Tulon mai tashar jiragen ruwa unguwa bayan unguwa, tudu bayan tudu, alhali a bakin tashar, a Saint-Mandrier, akwai igwogi masu bakin milimita 340 da aka ciro daga jirgin yaƙi aka girke a ƙasa. Ranar 28 ga Agusta kwamandan Jamus na wurin ya miƙa wuya. Kafin sanyin shekarar ya shigo aka janye baƙaƙen sojoji daga fagen daga, aka karɓe kakinsu aka ba Turawa. Ranar 1 ga Disamba 1944 kuwa, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta kan tsofaffin fursunonin yaƙi 'yan Afirka da suka nemi a biya su haƙƙinsu. Sai a 2024 shugaban Faransa ya yarda ya kira abin da sunansa, kisan kiyashi. Don haka in Bahaushen Damagaram ko Maraɗi ya tsaya gaban ɗaya daga cikin waɗannan ɗakunan kankare a gaɓar Bahar Rum, ba baƙo ba ne. Yana da haƙƙin ya duba allon bayani ya nemi kakanninsa.

Mu ma a nahiyarmu akwai irin ginin. Wanda ya je tsibirin Gore a Senegal, yawanci gidan bayi yake zuwa gani ya koma. In ya daure ya hau tudun da ake kira Castel zai tarar da manyan igwogi biyu masu bakin milimita 240 da Faransawa suka ciro daga wani tsohon jirgin yaƙi suka kafa, da ramuka da ɗakunan kankare a ƙarƙashinsu. Daga 23 zuwa 25 ga Satumba 1940 an yi kwana uku ana luguden wuta a Dakar, lokacin da Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, ya zo da jiragen Birtaniya yana son garin ya bi shi, gwamna Boisson na ɓangaren Vichy ya ƙi, igwogin gaɓa suka taya shi har maharan suka janye. Faransawa biyu ne ke rikici kan wa zai mallaki ƙasar da ba tasu ba, harsasan kuwa a kan unguwannin 'yan ƙasa wasu suka faɗa. Da na hau tudun, masu zane na tarar sun mamaye ɗakunan, sun rataye hotuna a jikin bangon, wata mata tana hura gawayi a bakin ramin da ake ajiye harsasai. Tsibirin yana cikin jerin UNESCO tun 1978. Na ji daɗin ganin rai a wurin, amma a nan ma na yi tambayar da na yi a Normandi, wa ya hau da siminti kan wannan tudu, kuma amsar da na samu ita ce ɗaga kafaɗa.

Ba sai na je nesa ba ma. A shekarar da Hitila ya ba da umarnin gina ganuwarsa, 1942, Birtaniya ta rasa kuzar Malaya a hannun Japan, sai ta juyo kan tudun Jos. Aka ɗora wa sarakuna da hakimai su kawo mutane, aka yi ta ɗiban talakawa daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza ala tilas, cikin sanyin da ba su saba da shi ba da ƙarancin abinci, har 1944. Mutane da dama ba su dawo ba. Ban daidaita wannan da sansanin SS ba, kowane zalunci da ma'auninsa. Amma yaƙi ɗaya ne, kuma ɓangarorin biyu duk sun tsaya ne a kan wuyan wanda ba a tambaye shi ba. Kududdufan da haƙar ta bari suna nan a Filato, ba allo, ba suna. Kwanon da lebura ke ɗaukar ƙasa da shi a ka har yau kwanon sarki muke ce masa, kuma sunan kaɗai ya isa ya gaya maka wa ake yi wa aikin. Haka badalar Kano da muke kuka ana yanka ta ana fili: mun haddace cewa a zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, amma waɗanda suka yi ta jidar ƙasa ƙarni bayan ƙarni ko a waƙa ba su fito ba. Saboda haka ba daga kan tudun tsira nake yi wa Turawa wannan magana ba.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin kowace hukumar gari ba. Allon da ya faɗi faɗin bakin igwa ya faɗi yawan leburorin da ƙasashensu da abin da ake ba su su ci. Inda aka san sunaye a rubuta sunaye, da harsunan mutanen, kamar yadda aka yi a wani ɗan wurin tunawa a Alderney mai alluna da Rashanci da Ibrananci da Folanci da Faransanci da Sifaniyanci. Inda kamfanin gida ne ya karɓi kwangilar a faɗa, ko da jikokin mai kamfanin suna cikin majalisar garin. Jagora kuma a koya masa cewa tambayar lebura tambaya ce. A Jazi an fara kamo hanya: ramukan ƙarƙashin ƙasa da aka haƙa sama da kilomita guda, waɗanda a da ake tallata su da sunan asibitin Jamusawa, yanzu suna ba da labarin mamayar da na waɗanda suka haƙa su, kuma duk ranar 9 ga Mayu ana taruwa a Westmount a ajiye furanni don 'yan aikin dole.

Kafin mu bar Longues, Kawu ya koma mota saboda iska, ni na sake shiga ɗaki na uku ni kaɗai. A can ciki, bayan igwar, inda haske ba ya kaiwa sosai, na kunna fitilar waya ina bin sawun katakon. Wajen tsayin ƙirjina akwai inda aka yi sakaci wurin dannawa, tsakuwa ta fito fili kamar saƙar zuma, irin kuskuren da mahaifina zai sa a fasa a sake. Ko gajiya ce, ko sauri, ko wani ne ya yi da gangan don ginin ya yi rauni. Na daɗe a tsaye ina kallonsa, har Kawu ya fara danna ham.